Idan fartanyarka ta tono tsohon kaya a gona ko wajen haƙa, ga yadda zaka yi

Duk wanda yake noma ko yake haƙa, rijiya ce ko shadda ko fandishan ɗin gida ko ramin ƙasar bulo, wata rana sai ya ci karo da abun da ba shi ya binne ba. Tsingaron tukunya mai zane, dutsen niƙa da ya lotsa a tsakiya saboda tsabar aiki, gululun mazari, wuri, kashin maƙera, wani lokacin ma tulu guda cur a kife. Abun da akasari muke yi kuwa bai wuce mu watsar a bakin gona ba, ko mu fasa saboda tsoron sihiri ne aka binne, ko mu sa a buhu mu fara cigiyar mai saya. Duk asara ce, kuma asarar da bata da gyara, don abun da ya kwana shekara ɗari biyar ko dubu biyu a wuri ɗaya, ranar da ka zare shi ba tare da ka lura da inda yake da abun da ke kusa da shi ba, rabin labarinsa ya tafi kenan har abada.

Toh abu na farko ɗan uwa, ka tsaya. Ka ajiye diga, ka ce ma lebura ya dakata, in katafila ce ke aiki a roƙi direba ya koma wani ɓangaren. Kar ka ja abun, kar ka sa shebur a ƙarƙashinsa ka ɓanɓaro, kar ka zazzage ƙasar da ke cikin tukunya don ka ga ko akwai zinariya. Wannan maganar tukunyar zinariya ta ja an farfasa kaya masu yawa a ƙasar nan, alhali abun da ke ciki mafi yawan lokuta ƙasa ce da toka da ƙonannun ƙwayoyin hatsi, kuma wallahi su ne masu binciken kufai suka fi so, zan zo kan dalilin.

Me yasa wurin da abu yake ya fi abun kansa? Ka duba jujin bayan gidanku, sharar bara tana ƙarƙashin ta bana, ta shekaranjiya tana ƙarƙashin ta jiya, haka ƙasa ma take ajiye zaman mutane hawa-hawa, na ƙasa ya girmi na sama matuƙar ba a tono an gauraya ba. A Daima da ke Borno kusa da iyakar Kamaru akwai wani tudu da ba na asali ba ne, zaman mutane ne ya tara shi. Wani mai bincike Graham Connah ya yanka shi a 1965 da 1966, ya sauka wajen mita 11 kafin ya taɓa ƙasar da ba a taɓa zama a kanta ba. Can ƙasa ya samu kayan aiki na ƙashi da na dutse da 'yan shanun yumɓu, babu ƙarfe ko kaɗan, da aka hauro sai ƙarfe ya bayyana, can sama kuma sai ga tagulla da duwatsun wuya na gilas waɗanda fatauci ya kawo daga nesa. Da wani ne ya tone tudun nan da katafila ya tara kayan a buhu guda, da kayan suna nan amma babu mai iya cewa wanne ya riga wanne, shikenan tarihin sama da shekara 1,500 ya zama tarkace.

Haka ma ya faru da kayan Nok na kudancin Kaduna, wato mutum-mutumin gasasshen yumɓu na mutanen zamanin da. Na farko da aka sani ya fito ne a 1928 wajen haƙar kuza, wani kan yumɓu kuma a farkon shekarun 1940 mutum ya ɗauke shi ya kafa a gonar doya a matsayin mutum-mutumi kafin ya isa hannun wani Bature mai binciken kufai, Bernard Fagg, a Jos. Duk da kyaun kayan, da yake daga cikin ƙasar da ruwa ya kwaso ya gauraya aka tsince su, an daɗe ana lalube kan shekarunsu, sai da Fagg ya tona kufan Taruga da ke kusa da Abuja a shekarun 1960 ya same su a mazauninsu tare da murhunan narka tama da gawayi, sannan magana ta fara zama. Kaga kenan ba kyaun abu ne ke magana ba, maƙwabtansa ne a cikin ƙasa.

Bayan ka tsaya, sai hoto. Wayarka ta isa, ba sai da wata kyamara ba. Ka ɗauka tun abun yana inda yake, ɗaya daga nesa yadda za a ga ramin da wata alama da bata motsi kamar kuka ko dutse ko kusurwar katanga, ɗaya daga sama kai tsaye, ɗaya daga gefe yadda bangon ramin zai fito a ga launin ƙasa. Ka ajiye wani abu da kowa ya san girmansa a gefe, rula ta fi, in babu biro ko kwalin ashana ya yi, don hoton tsingaro shi kaɗai ba a gane ko faɗin farce ne ko faɗin faranti. Ka sa ɗan kara ya nuna arewa. Da safe ko da la'asar hoton ya fi fitowa, rana tsaka tana shafe zane. Sannan ka buɗe Google Maps ka danne inda kake tsaye har lambobi su fito ka kwafe su, ko ka tura wa kanka lokeshan ta WhatsApp.

Sai rubutu, kuma don Allah a ranar, kar ka ce zaka tuna. Kwanan wata, sunan gari da unguwa da gonar wa, me ake yi aka same shi, zurfinsa daga saman ƙasa, tef ɗin tela ma ya isa awo, ƙasar baƙa ce mai toka ko ja ce ko yashi, a tsaye yake ko a kife ko a kwance, me da me ke kusa da shi. Ka kuma tambayi tsofaffin garin sunan wurin, don sau da yawa sunan ma ya riga ya faɗa maka, in ka ji ana ce ma fili kufai ko tsohon gari ko maƙera ko marina ko bakin ganuwa alhali yanzu babu komai sai gona, to akwai magana. Kufan Kanawa da ke yankin Damagaram a Nijar misali ne, sunan da labarin baka su ne suka riƙe wurin, ana cewa daga nan wasu suka tashi suka nufi Kano, har wata mai bincike Anne Haour ta je ta tona ta yi nazarin tukwanen wurin. In tsoho ya yarda ka ɗauki muryarsa a waya, wannan ma ajiya ce babba.

Yanzu bari mu ɗan zauna kan gane kayan, don shi ne ɓangaren da na fi so mutane su iya.

Tsingaro shi ne sarkin kayan kufai, yumɓun da aka gasa baya ruɓewa, ƙwarya da akushi da tabarma da zane duk gara da damina sun cinye, shi ko yana nan. Ba duka ɗaya suke ba wajen amfani, guntun baki ya fi kowanne don daga lanƙwasarsa ake gane faɗin bakin tukunyar da kuma ko randa ce ko tulu ko kasko ko tukunyar miya, sai gindi da mariƙi, sai mai zane. Ka kalli zanen da kyau, wani da tsinke aka tsaga, wani da murɗaɗɗiyar igiya aka mirgina a jikin ɗanyen yumɓu, wani da sassaƙaƙƙen ice, wani kuma sawun tabarma ne da aka buga tukunyar a kai. Kowane zamani da kowane yanki akwai hannun maginansa, shi yasa masani zai ɗauki guntu ya ce wannan ya yi kama da na wuri kaza. Ka duba karayar ma, abun da aka cakuɗa da yumɓun yana nan, yashi ko dakakken tsohon tsingaro ko ƙaiƙayi. Wannan ƙaiƙayin ba ƙaramin abu bane, a kufan Gajiganna da ke Borno sawun ƙaiƙayin gero da ya ƙone ya bar gurbinsa a jikin tukwane shi ne ya nuna ana noman gero a wurin sama da shekara 3,000 da suka wuce.

Kashin maƙera kuma mutane na rikita shi da marmara. Shi baƙi ne ko ruwan toka mai duhu, da nauyi, da ƙananan ramuka, wani gefen da santsi kamar abun da ya narke ya gangaro ya daskare, don abun da ya faru kenan. In ka ga tarinsa tare da fasassun bututun yumɓu masu kauri da bakinsu ya ƙone ya yi ƙyalli, to ba maƙerar gyaran fartanya bace kawai, wurin narka tama ne, bututun nan ta cikinsu iska ke shiga murhu. Irin wannan an same su a gindin Dutsen Dala a Kano inda gwajin gawayi ya kai wajen ƙarni na 7, an kuma tona wasu a Samaru ta Zariya a shekarun 1970. Abun na bani takaici in na ga ana kwasar irin wannan tarin a tifa ana cike kwazazzabo ko hanya da shi, ba a san masana'anta ce guda ake kwashewa ba.

Gatarin aradu da ake cewa tsawa ce ke jefo shi, wanda wasu ke ajiyewa don magani, hannun mutum ne ya yi shi, dutse ne aka goga a kan dutse har ya yi baki, aka ɗaura masa ƙota aka sare daji da shi kafin ƙarfe ya wadata. Dutsen niƙa da ɗansa kowa ya sani, sai dai a lura da irin dutsen, in ba irin na yankin bane to ɗauko shi aka yi daga nesa, a Daima ma haka ne don ƙasar firki, wato baƙar lakar yankin, bata da dutse. Gululu yana gaya maka ana kaɗi a gidan, wato akwai auduga da saƙa. Rami zagayayye mai zurfi da aka shafe bangonsa da laso, musamman in suna da yawa a jere, karofi ne.

Akwai kayan da su kansu suke baka iyakar shekaru. Lofen shan taba na yumɓu, taba daga Amurka ta fito, bata iso ƙasashenmu ba sai wajen 1600, don haka duk hawan ƙasar da ka samu lofe a cikinsa bai girmi wannan lokacin ba. Haka zanen da aka yi da totuwar masara, ita ma masara baƙuwa ce daga can, sai dai wannan a bar ma masana don akwai zanen igiya da ke kama da shi sosai. Wuri kuma daga tekun Indiya yake zuwa, mafi yawa daga tsibiran Maldib, tsohon littafin Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Sharefa, 1703 zuwa 1731, ya shigo ƙasar Hausa a matsayin kuɗi, lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 kuwa wuri 2,500 ne ke daidai da dala ɗaya ta azurfa. Amma kar ka ga wuri ɗaya ka yanke hukunci, don tun kafin ya zama kuɗi ana ado da shi, an same shi a kaburburan Durɓi ta Kusheyi da ke yankin Mani a Katsina waɗanda suka girmi wancan lokacin da ɗaruruwan shekaru, tare da tasoshin tagulla da mundaye. Wurin nan an tona shi a 1907 aka sake tonawa a 1992. Kwabo mai huda da anini kuma na zamanin Turawa ne, su ma tarihi ne, a ajiye.

Toh idan ba yadda za a yi a bar abun a wurin fa? Misali ruwa na zuwa zai tafi da shi, ko mai kwangila ya ce gobe za a zuba kankare, ko ka san da ka juya baya yara zasu wawashe. A nan sai a ɗauka, amma bayan hoto da awo, kuma a ɗauka da hankali. Tukunya a ɗauke ta da ƙasar cikinta, hannu biyu a gindi ba a baki ba, in ta tsage a naɗe ta da tsumma ko bandeji tun tana ramin kafin a ɗaga. Kayan kowane wuri da kowane zurfi ledarsu daban, kar ka haɗa na sama da na ƙasa, ka rubuta bayani a takarda da fensir ka jefa ciki, biro yana zuba in ya ji danshi. In tsingaron da laima ka bar shi ya sha iska a inuwa kafin ka ɗaure ledar, in ba haka ba zai yi gumi ya yi fumfuna. In kuma ba gaggawa, mafi alheri ka mayar da ƙasa mai laushi ka rufe shi, ka sa alamar da kai kaɗai ka gane.

Kar ka wanke. Wannan zan maimaita, kar ka wanke da omo ko sabulu, kar ka kankare baƙin da ke manne a cikin tukunya, wannan baƙin ragowar abinci ne. Masu binciken Jami'ar Goethe ta Frankfurt da ke Jamus sun fara aiki a yankin Nok tun 2005 tare da hukumar gidajen tarihi ta Najeriya, matsalar da suka samu ita ce ƙasar wurin tana cinye ƙashi, babu yadda za a san me mutanen suke ci ta wannan hanyar. Sai aka kai tsingaro sama da 450 Jami'ar Bristol a Ingila aka tatsi maiƙon da ya shige cikin yumɓun, sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna kusan ɗaya cikin uku na waɗanda aka samu maiƙo a jikinsu akwai kakin zuma, wato shekara 3,500 da suka wuce mutanen nan suna ɗiban zuma suna sarrafa ta a tukunya. Ka duba fa, daga guntun tukunyar da ni da kai zamu taka mu wuce. Ƙasar cikin tukunya da ta murhu kuma zuba ta suke a ruwa, ƙonannun ƙwayoyi su taso sama a tace, ta haka aka gane gero da wake da atili a kufan Nok.

Gawayi da ƙonannen hatsi su ake kai wa gwajin kabon, wato duk abu mai rai yana ɗauke da wani nau'in kabon da ke raguwa da rabi duk shekara 5,730 bayan ya mutu, ana auna abun da ya rage a lissafa shekarun. Ƙwayar gero guda ma ta fi guntun gawayi daidaito, don ita shekara ɗaya ta yi a duniya, icen kuwa wataƙila ya tsufa tun kafin a sare shi. Shi yasa gawayin da ke cikin rami gara ka bar shi inda yake, in dole ne ka ɗauka da cokali mai tsabta ka naɗe a takardar alminiyam, kar tokar sigari ko man inji ko gawayin murhunka ya taɓa shi.

Ƙarfe da tagulla kar ka goge da lemun tsami ko toka ko yashi don su yi ƙyalli, tsatsar nan wani lokacin ita kaɗai ce ta riƙe siffar abun, kana kankarewa sai ya marmashe a hannunka, wani lokacin ma sawun zaren tufa yana manne a jikinta. A ajiye a busasshen wuri kawai. Kar ka liƙa fasasshe da Super Glue ko siminti. Ice ko fata da aka samu a jiƙe kuwa akasin haka ne, a bar shi a jiƙe, a rufe shi da jiƙaƙƙen buhu ko a mayar da laka a kai, yana bushewa zai tsattsage. Kwalekwalen Dufuna da ke Yobe wani makiyayi ne ya ci karo da shi a 1987 yana haƙar rijiya, wajen mita 5 a ƙasa, bai sa gatari ya faskara ba, ya kai magana gaba, aka zo aka fito da shi a 1994. Tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa wajen 8,000, babu jirgin ruwan da aka sani a Afirka da ya girme shi. Mutum ɗaya ne ya dakata da haƙa ya je ya faɗa.

Abu biyu da ba a wasa da su. In ƙashin mutum ne ya fito, a daina haƙa, a rufe, a sanar da mai unguwa da liman, in akwai alamar sabo ne a sanar da 'yan sanda, ba abun ɗauka a kai gida bane ba kuma abun yaɗawa a waya bane, ko wane addini mamacin ya yi mutum ne. Na biyu, musamman Borno da Yobe da Adamawa da yankin Diffa, duk ƙarfen da baka gane ba mai kama da gwangwani ko bututu ko mai waya a jiki, kar ka taɓa, ka janye mutane ka kira jami'an tsaro. Sannan kar ka shiga rami mai zurfi da bangonsa ke zubowa saboda tsingaro.

Ga masu jin tsoron tukunyar da aka samu a kife ko mutum-mutumin yumɓu, na san abun da ke zuwa zuciya, sihiri ko gunki, sai a ce a fasa a huta. Ni dai ina roƙo a yi haƙuri a bari a duba tukuna. Ajiye abu a gidan tarihi don a san yadda magabata suka rayu ba bauta masa bane, mu da aka umarta mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda na gabanmu suka ƙare. Kuma mafi yawan abun da ke fitowa kayan girki ne da na sana'a, na wata uwa da ta dafa ma 'ya'yanta tuwo a wurin da kake shuka gyaɗa yanzu.

Sai maganar wa za a gaya wa. Fara da mai unguwa ko dagaci, don kar gobe a ce ka tono dukiya ka ɓoye, kuma duk baƙon da zai zo dubawa ta hannunsu da hakimi zai bi. Daga nan sai gidan tarihi mafi kusa, Gidan Makama a Kano, na Kaduna, na Jos da aka buɗe tun 1952, na Katsina da ke tsohuwar kwalejin horon malamai, akwai a Sakkwato da Maiduguri da sauran manyan garuruwa, ko sashen akiyoloji, wato binciken kufai, na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. A Nijar akwai gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai da cibiyar bincike ta IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni, masu binciken cibiyar ne suka tona kufan Bura da ke yammacin Nijar a 1983. Ka je da hotuna da rubutunka, ba sai ka ɗauki kayan ba a zuwan farko. A Najeriya dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, NCMM, ta ce wanda ya ci karo da irin wannan kaya ya sanar cikin kwana bakwai, ta hana tono don neman kayan tarihi ba da izini ba, ta hana saye da sayarwa da fitar da su waje sai ta hannun hukuma, kuma kayan hannu na gida da aka yi kafin 1918 suna cikin lissafin.

Kar ka sa lokeshan a Facebook ko TikTok. Ka sa hoton tsingaro in kana so, amma banda sunan ƙauye da gonar, don akwai dillalai da aikinsu kenan, suna jin labari zasu turo 'yan haƙa, cikin 'yan kwanaki gonarka ta koma ramuka, su fasa duk tukwanen da suka tarar suna neman kan yumɓu guda da zai yi kuɗi a Turai, a baka abun da bai kai kuɗin taki ba. Haka aka yi wa mafi yawan kufan Nok da aka sani, haka aka yi wa na Sakkwato da Katsina da Bura, har hukumar gidajen tarihi ta duniya ICOM ta sa su a jerin kayan da aka hana cinikinsu a 2000. Na san talauci ne ke sa mutum ya karɓa, ba zan zagi kowa ba, amma gonar da aka birkice ƙasarta aka fito da ja sama shekaru take yi bata dawo daidai ba.

Wasu na tsoron in sun faɗa gwamnati zata ƙwace gona. Abun da aka saba gani shi ne a zo a zagaya a tsinci na sama, in wurin ya cancanta a dawo da rani bayan an kwashe amfani, a kafa turaku a ja igiya a fitar da murabba'i na mita ɗaya ko biyu, a riƙa kankare ƙasa kaɗan-kaɗan da cokalin birkila wajen santimita 10 a kowane zubi, ana tankaɗewa a rariya ana zana komai a takarda, in an gama a mayar da ƙasa a rufe, kuma yawanci matasan garin ake ɗauka aikin a biya su. Kar dai ka sa ran za a zo gobe, ma'aikatan kaɗan ne, kuɗin fita ma ba kullum ake da shi ba, ga matsalar tsaro a wurare da yawa, don haka in ka kai rahoto ka karɓi lambar wanda ka gani ka riƙa tuntuɓa. In sun karɓi kaya a hannunka ka nemi takardar shaida mai sa hannu da hatimi da jerin abun da ka bayar, ka nemi a rubuta sunanka da sunan garin a rajista, sannan ka ce in sakamakon gwaji ya fito, wanda kan ɗauki watanni don sau da yawa waje ake aikawa, a turo muku kwafi, ɗaya wajen dagaci ɗaya wajen hedimastan makarantar garin.